Yaro Ɗaya, Larura Huɗu: Amsa ga Wata Uwa daga Zariya

Assalamu alaikum Anti. Ni uwa ce mai 'ya'ya biyar, muna zaune a Zariya. Ɗana na biyu shekararsa 15, yana aji ɗaya na babbar sakandare. Tun yana ƙarami ba ya zama wuri ɗaya, ga mantuwa, ga yar da kaya, ga katse mutane in suna magana. Makaranta uku muka sauya masa, a Islamiyya kuwa da wuya a tashi bai sha bulala ba. Yana ɗan shekara 10 wani likita ya ce yana da larurar ADHD, wato ta rashin natsuwa da yawan ƙiriniya, ya rubuta masa magani. Mun ga sauƙi, amma bayan 'yan watanni muka daina saboda tsada, kuma babansa ya ce kada a mayar masa da yaro ɗan ƙwaya.

Tun bara ya zama mai gardama, har yana ɗaga wa babansa murya. Yanzu kuma wata huɗu ke nan ya koma shiru. Ya daina ƙwallo, yana kulle kansa a ɗaki, ba ya barci sai gab da asuba, kullum da safe sai ya ce cikinsa na ciwo in za a tafi makaranta. Na tsinci kwalbar maganin tari a jakarsa. Ƙanwarsa ta ce ya gaya mata da ma ya mutu kowa ya huta.

Na kai shi asibiti. Likita ya ce bayan ADHD ɗin yana da ciwon damuwa da na fargaba, kuma yana zargin akwai matsalar karatu. Babansa ya ce likitoci jera sunaye kawai suke yi don su ci kuɗi, tarbiyya ce ta yi ƙaranci, gidan mari zai kai shi. Kakarsa ta ce jifa aka yi masa. Anti, yaro ɗaya zai iya haɗa cututtuka haka? Ko maganin da ya sha a baya ne ya taɓa masa kai? Da me zan fara?

Wata uwa, daga Zariya

Wa alaikumus salam, Maman yaro. Allah Ya ba shi lafiya, ke kuma Ya sanyaya miki zuciya.

Kin tambaye ni da me za ki fara, to ki fara da maganar da ya gaya wa ƙanwarsa. Duk sauran abin da ke cikin wasiƙarki zai iya jiran mako mai zuwa, wannan ba zai jira ba. Yaron da ya yi wata huɗu a ɗaki, ba barci, ya bar abin da yake so, sannan ya ce da ma ya mutu, ba shagwaɓa yake yi ba, ba kuma barazana ba ce. A yau ɗin nan ki sami lokacin da kuke ku biyu, ki zauna kusa da shi, ki tambaye shi kai tsaye cikin sanyin murya: "Na ji ka ce da ma ka mutu. Ka taɓa tunanin kashe kanka? Ka taɓa tunanin yadda za ka yi?" Iyaye da yawa na tsoron wannan tambaya, suna ganin za su cusa wa yaro abin da babu a ransa. An yi bincike a kan haka an kuma maimaita, tambayar ba ta cusa tunanin, sai dai ta buɗe wa yaro ƙofar magana. In ya amsa, kada ki yi salati da ƙarfi, kada ki fara masa wa'azin wuta. Ya san haramun ne, shi ya sa ma ya kasa gaya miki ya gaya wa ƙaramar yarinya. Ki ce masa kin ji, kin gode da ya faɗa, kuma ba za ki bar shi shi kaɗai da wannan nauyi ba.

Daga nan ki kwashe fiya-fiya, da maganin ɓera, da maganin feshin gona, da duk ƙwayoyin magani na gidan, har na hawan jinin kakarsa, ki sa a inda makulli ke hannunki. Masu ADHD suna da saurin aikata abu kafin tunani ya iso, wannan yana cikin ainihin larurar, saboda haka in baƙin ciki ya haɗu da wannan gaggawa, mintuna kaɗan na ɓacin rai sun isa a yi ɓarnar da ba ta gyaruwa. Nesanta shi da abin cutarwa yana ceton rai da gaske. In ya ce ya shirya wani abu, ko ya taɓa gwadawa, a ranar za ku tafi asibiti, sashen gaggawa, ba sai ranar da aka ba ku ta zagayo ba. Ko da ma bai ce haka ba, ki tabbata likitan ya ji wannan magana da bakinki, domin ban ga inda kika ce kin gaya masa ba.

Yanzu ga tambayarki ta farko. E, yaro ɗaya yana haɗa su, kuma haɗawar ita ce abin da aka fi gani. Wanda ADHD ta zo masa ita kaɗai shi ne ɗan tsiraru. Wani babban bincike da aka yi a Amurka da Kanada a kan yara 579 masu wannan larura, 'yan shekara 7 zuwa 9, wanda aka fitar da sakamakonsa a 1999, ya samu cewa kusan uku ne kawai cikin goma ba su da wata larura tare da ita. Wajen kashi 40 cikin 100 suna da larurar bijirewa, wato gardama da saurin fushi da ƙin bin umarnin manya har abin ya wuce na ƙuruciya. Kimanin ɗaya cikin uku suna da ciwon fargaba. A manya ma haka labarin yake: wani binciken ƙasa da aka buga a Amurka a 2006 ya nuna cewa cikin manya masu ADHD, kashi 47 cikin 100 suna fama da wani nau'in ciwon fargaba, kashi 38 suna da ciwon damuwa ko danginsa, kashi 15 kuma suna da matsalar shaye-shaye. Saboda haka likitan da ya tsaya ya dubi abin da ke bayan ƙiriniyar ɗanki aikinsa ya yi yadda ya kamata. Wanda za ki yi wa kallon tuhuma shi ne mai cewa ADHD ce kawai, ya miƙa takardar magani cikin minti biyar, bai tambayi barci ba, bai tambayi makaranta ba, bai keɓe da yaron ba.

Abin da nake so ki gane, ki kuma fahimtar da maigidanki, shi ne waɗannan sunaye huɗu ba cututtuka huɗu ba ne da suka faɗo wa yaron daga wurare dabam-dabam. Suna da alaƙa, kuma in kika bi tarihin ɗanki da kika rubuto za ki ga zaren da kanki.

Wani ɓangaren daga halitta yake. ADHD na cikin larurorin da gado ke da ƙarfi a cikinsu. Binciken da aka yi a kan tagwaye ya sa rabon gado tsakanin kashi 70 zuwa 80 cikin 100. Kuma an gano cewa wasu daga cikin ƙwayoyin gadon da ke kawo ta su ne ke sa mutum saurin kamuwa da ciwon damuwa. Matsalar karatu ma tare suke tafiya tun farko: tsakanin ɗaya cikin huɗu zuwa biyu cikin biyar na masu ADHD suna da wahalar haɗa baƙi da sauti, abin da likitoci ke kira disleksiya, wadda ba ta da alaƙa da ƙarancin basira. Wannan ba laifinki ba ne, ba na babansa ba ne, ba kuma na yaron ba.

Ɗaya ɓangaren kuwa rayuwa ce ta gina shi, kuma a nan nake so mu daɗe. Ki lissafa: tun yana ɗan shekara biyar ko shida, yaron nan yake tashi kullum ya je inda za a ce masa daƙiƙi, a ce masa mara ji, a tsayar da shi gaban aji. Ya dawo gida a ce ina littafinka, ina takalminka, me ya sa ba ka zama kamar yayanka. Da yamma ya tafi Islamiyya ya sha bulala a kan haddar da ya zauna ya yi ta bita amma ta ƙi zama. Shekara goma ke nan. Ƙaramin yaro ba ya cewa ƙwaƙwalwata ce ke aiki dabam, cewa yake yi ni ne lalatacce. Daga nan hanya takan rabu biyu, wasu yaran ma sukan bi duka biyun, kamar ɗanki. Ta farko ita ce ya taurare: tunda ko na yi ƙoƙari duka zan sha, gara in rama da baki. Gardamar bara ke nan. Ta biyu ita ce ya karaya: ya fara tsoron gobe tun daren yau, cikinsa ya murɗa da safe, zuciyarsa ta riƙa bugawa in malami ya kira sunansa. Ciwon cikin nan na gaske ne, ba ƙarya yake yi ba, haka fargaba ke fita a jikin yara, ta ciki da ciwon kai da tashin zuciya. In fargaba ta daɗe ba mafita, sai yaro ya daina fata gaba ɗaya, ya bar ƙwallo, ya ja ƙofa. Shirun nan da wasu a gidan za su ɗauka ya fara hankali ne, shi ne ya fi gardamar haɗari.

Maganin tarin kuma a ƙarshen wannan layi yake zuwa. Masu ADHD sun fi sauran yara saurin fara sigari da ƙwaya, saboda gaggawar gwada abu, da kuma neman abin da zai kashe musu hayaniyar kai su sami barci. Kin san halin da muke ciki: binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019, ya ƙiyasta cewa kashi 14.4 cikin 100 na 'yan Najeriya masu shekara 15 zuwa 64 sun sha wani abin maye a shekarar da ta gabaci binciken. Gwamnati ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin tun watan Mayun 2018, amma duk wanda ke unguwa ya san bai ɓace ba, ga kuma tiramol. Kwalba ɗaya a jaka ba ta nuna ya zama ɗan maye, amma ta isa a bincika: tun yaushe, sau nawa a mako, da su wa, kuma me yake ji in bai sha ba. Wannan tambaya likita zai fi samun gaskiyarta in ke da babansa kuna waje. Ki ba su wuri.

Sai batun maganin da ya sha yana ɗan shekara 10. Ki cire wannan daga ranki. Maganin da aka fi bai wa yara masu ADHD shi ne methylphenidate, wanda aka fi sani da Ritalin, kuma ƙaramar ƙwayarsa aikin awa uku zuwa huɗu take yi, kafin wani yini ya zagayo ta bar jiki. Ba ta kwanciya shekara biyar sannan ta tashi ta zama ciwon damuwa. Yana da nasa illolin, ba zan ɓoye miki ba: rage cin abinci, hana barci in an sha da yamma, ɗan ɗaga bugun zuciya da hawan jini, shi ya sa ake auna nauyi da tsawo da jinin yaro lokaci-lokaci. Tsoron babansa ma ba shirme ba ne, magani ne da doka ta sa wa ido, kuma ana iya yin wasa da shi. Amma bincike bai nuna cewa shan sa bisa umarnin likita yana mayar da yaro ɗan ƙwaya ba. Wani nazari mai faɗi da aka yi da bayanan asibitocin ƙasar Suwidin ma ya samu ƙarancin matsalar shaye-shaye a cikin waɗanda ke kan magani. Ba na faɗar haka don ki zargi kanki a kan dainawar da kuka yi. Maganin yana da tsada, wani lokaci ma a neme shi a rasa, kuma ba wanda ya zaunar da ku ya yi muku bayanin abin da zai iya biyo baya.

To da wanne za a fara a asibiti? Ki ɗauki ɗakin ƙasa da rufinsa ya shekara yana yoyo. Yoyon ne asalin ɓarna, amma in damina ta yi nisa har bango ya jiƙe ya fara rinjaya, ba wanda zai hau sama gyaran rufi sai an tokare bangon. ADHD ce yoyon, ciwon damuwar nan shi ne bangon. Ƙa'idar likitocin ƙwaƙwalwa ita ce a fara da abin da ya fi barazana ga rai da rayuwa: damuwa mai tsanani, ko shaye-shayen da ya kama jiki, sannan a dawo kan rashin natsuwa. In da damuwar mai sauƙi ce, sau da yawa akan fara da ADHD ɗin, domin in yaro ya fara ganin yana iya gama aikin aji, ransa kan sake da kansa. Wannan hukunci na likitan da ya gan shi ne, amma ki tambaye shi a fili: da wanne muka fara, don me, kuma yaushe za mu waiwayi sauran?

In ya rubuta maganin damuwa, wanda aka fi samun hujjar amfaninsa ga matasa shi ne fluoxetine. Abu biyu za ki riƙe. Ba ya aiki nan take, yakan ɗauki mako biyu zuwa shida kafin a ga sauyi, don haka kada a yar da shi a kwana goma a ce bai karɓe shi ba. Na biyu, a makonnin farko wasu matasa kan ji ƙarin rashin sukuni ko ƙarin tunanin mutuwa, saboda haka lokacin ne za ki fi sa ido, ki kuma koma asibiti da zarar kin ga haka. Akwai wani maganin ADHD da ba ya cikin masu sa maye, atomoxetine, wanda likitoci kan zaɓa in akwai fargaba ko tsoron shaye-shaye. Shi ma yana ɗaukar makonni, shi ma ana sa ido a kansa ta wannan fuska. Maganin ya zauna a hannunki, ke za ki ba shi ya haɗiye a gabanki. Kuma ina roƙon ki, kada wani mai kemis ya ba ki ƙwayar barci don yaron ya runtsa. Diazepam na kama jiki, in ya haɗu da kodin yana iya tsayar da numfashi, amitriptyline kuma in aka sha da yawa yana taɓa zuciya.

Akwai tambayar da nake so ki amsa wa likita ko bai yi ta ba. A danginki ko na babansa, akwai wanda kan yi kwanaki ba barci kuma ba gajiya, yana zuba magana, yana rabon kuɗi, yana jin ya fi kowa, sannan daga baya ya faɗi warwas cikin baƙin ciki? Wannan shi ne ciwon hawa da sauka da ake kira baifola, kuma yana kama da ADHD a ido: surutu, gaggawa, rashin zama. Bambancin shi ne ADHD halin yaro ne na kullum tun ƙuruciya, shi kuwa wancan zuwa yake yi ya tafi, mutum ya zama kamar ba shi ba na kwanaki ko makonni. Sanin wannan na da muhimmanci domin maganin damuwa ko na ADHD na iya tayar da shi in ba a fara daidaita shi ba. Mu kan ɓoye irin wannan tarihi saboda kunya da maganar aure. A ɗakin likita kada ki ɓoye.

Haka nan ki gaya masa in yaron ya taɓa yin zazzaɓin cizon sauro mai tsanani har ya suma ko ya yi jijjiga, domin an ga rashin natsuwa na biyo bayan wanda ya taɓa ƙwaƙwalwa. Ki faɗa in yakan yi ɗif na 'yan daƙiƙoƙi yana kallon wuri ɗaya, a kira shi bai ji ba, saboda akwai nau'in farfaɗiya da ba ta kayar da mutum. A duba idonsa da kunnensa da yawan jininsa. In yana minshari mai ƙarfi, ko yana yawan ƙifta ido da fizgar kafaɗa da gyaran murya ba da son ransa ba, ko yana maimaita alwala har a idar da salla saboda waswasi, duk ki ambata. Waɗannan ma sukan raka ADHD, wasu kuma sukan yi shigarta.

Matsalar karatun kada a bar ta a baya don ita ce mara hayaniya. Ki gwada wannan a gida ba tare da ya ji jarrabawa ake masa ba: ki ba shi ɗan labari ya karanta a bayyane, wani lokacin kuma ke ki karanta masa wani, ki tambaye shi abin da ya ji. In ya kawo labarin tsaf sa'ad da ya saurara, amma in shi ke karantawa yana tuntuɓe, yana tsallake kalma, yana cankar ƙarshenta, to zargin likita na da tushe. Wannan ba a shan magani a kansa, koyarwa ce ta musamman, a hankali, baƙi da sautinsa. Ki je makarantar da kanki ki sami malamin ajinsa, ki nemi a zaunar da shi gaba nesa da taga, a riƙa ba shi aiki gutsure-gutsure, kuma a daina tayar da shi karatu gaban aji ba shiri. Malamin Islamiyya ma a gaya masa: aya kaɗan, da sauraro, da maimaitawa, bulala kuma a ajiye ta. Shekara goma ana dukan yaron nan, da duka na magani da tuni ya warke.

Wannan ya kawo mu kan babansa. Kada ki mai da shi abokin gaba. Mutumin da ɗansa ya ɗaga wa murya a cikin gidansa yana jin ciwo, yana kuma jin tsoron abin da gari zai ce, kuma cewa tarbiyya ce ya fi masa sauƙin haɗiya a kan cewa ɗansa na da larurar ƙwaƙwalwa. Amma gidan mari kam a'a, ki tsaya a kan wannan da duk ladabin da kike da shi. Ba mu manta da watan Satumban 2019 ba, lokacin da 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, da yawansu yara, wasu da mari a ƙafa da tabon duka a baya, aka kuma sake samun irinsa a wasu garuruwan a makonnin da suka biyo. Yaron da ke cewa da ma ya mutu, in aka ɗaure shi a hannun baƙi, an tabbatar masa da abin da yake zargi ke nan, cewa gidansu an gaji da shi. A can kuma zai zauna da waɗanda suka yi nisa a shaye-shaye. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a watan Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta tanadi haƙƙin mai irin wannan larura na a kula da shi cikin mutunci. In maganarki ba ta shiga ba, ki nemi wanda yake jin nauyinsa, yayansa ko limamin unguwa ko amininsa, ki fara yi wa shi bayani. Abin da za ki roƙa ƙarami ne: ya raka ku asibiti sau ɗaya, ya yi wa likita tambayoyinsa da bakinsa, har da ta kuɗin, kuma a ba wa magani wata uku kafin a sake wata shawara.

Kakarsa kuma ba sai kin yi jayayya da ita ba. Ta yi masa addu'a, ta tofa masa, a karanta masa Alƙur'ani, duk alheri ne, kuma yaron da ke jin ba a son sa yana buƙatar hannun kaka a kansa. Hadisi ya tabbata cewa Allah bai saukar da cuta ba sai da Ya saukar da maganinta, neman magani a asibiti bai saɓa wa tawakkali ba. Iyakar da za ki sa ita ce: ba duka da sunan fitar da aljani, ba turaren da zai shaƙe shi, ba jiƙon da ba a san abin da ke ciki ba, kuma ba mai cewa a ajiye maganin asibiti.

A cikin gida, abin da aka ga yana rage gardamar irin waɗannan yara ba shi da ban mamaki, wuyarsa ɗorewa. Umarni ɗaya a lokaci ɗaya, kina kallon idonsa, ba daga kicin kina ƙwala kira da saƙo huɗu a jere ba. Ki zaɓi abu biyu ko uku da ba sassauci a kansu, kamar salla da kwana a gida da barin kwalba, sauran ki kau da kai na wani lokaci. In ya yi daidai ki faɗa a take, ki kuma ambaci abin da ya yi, domin yaron nan ya daɗe bai ji sunansa a cikin magana mai daɗi ba. In rai ya ɓaci a dakata, a yi maganar bayan an huce. Waya ta kwana a ɗakinki, lokacin tashi ya zama ɗaya kullum, ya fita ya ga rana da safe, a bar shayi mai ƙarfi da lemon ƙara kuzari da yamma. Ƙwallon da ya bari a taimaka masa ya koma, ko da rakiyar yayansa ce, saboda motsa jiki na taimaka wa damuwar da natsuwar duka. In babansa na da shago ko wata sana'ar hannu, ya riƙa tafiya da shi ranar Asabar, ba a matsayin horo ba. Da yawa daga cikin yaran nan da aji ya gagara, in aka sa musu waya ko inji a gaba sai ka ga sun yi awa biyu ba su ɗaga kai ba.

Ki nemi a haɗa shi da masanin halayyar ɗan'adam don zaman tattaunawa, domin a ciwon damuwa da fargaba na matasa wannan zama magani ne da kansa, ba ƙari ba ne. Kuna Zariya, akwai sashen ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, ga kuma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna. Ki tambayi ɓangaren yara da matasa. Masu karatu daga wasu wuraren, akwai asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano da asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau a Kano, da na Kware a Sakkwato, da na tarayya a Maiduguri. Likitocin ƙwaƙwalwa sun yi ƙaranci ƙwarai a ƙasar nan, layi na da tsawo, ganawa kuma gajera ce, saboda haka ki je da takarda a rubuce: yaushe kowane sauyi ya fara, awa nawa yake barci, sunan maganin da ya sha a da, sakamakon makarantarsa na shekarun baya, da kwalbar da kika tsinta. Ki faɗi ƙarfin aljihunku tun farko don a zaɓi maganin da za ku iya ɗorewa a kai, kuma in azumi ya matso ki tambayi yadda za a sauya lokutan sha.

Ƙanwar nan tasa da ta kawo miki magana, ki yaba mata, ki gaya mata ba tona asiri ta yi ba, kuma ba aikinta ba ne ta yi gadinsa. Ki kuma dubi sauran 'ya'yanki da sabon ido, tunda abin na bin jini. A 'ya'ya mata ADHD ba ta cika zuwa da hawa katanga ba. Takan zo da yarinya mai shiru, mai yawan tafiya cikin tunani, mai ƙona girki da mantuwar aike, wadda ake ce wa sakarya ko mai sanyin jiki, ba a gano ta sai ta girma ta zo asibiti da fargaba ko damuwa. In kin ga mai irin wannan a cikinsu, ki ambata wa likitan a zuwanku na gaba.